Kujeru 5, wata 30: wa ke cin ribar jinkirta zaɓen cike gurbi?



Sharhinmu na yau kan kujerar majalisa ne. In mai kujera ya rasu, ko kotu ta soke zaɓensa, ko kuma tun farko ba a yi zaɓen ba, doka ta ce a koma wurin jama'a su zaɓi wani. Sau da yawa sai ka ga an yi shiru, wata ya bi wata, shekara ta bi shekara. In ka tambaya, a ce maka babu kuɗi, ko babu tsaro, ko rajista ba ta kammala ba. Wani lokacin gaskiya ne. Amma akwai tambayar da ya kamata talaka ya riƙa yi duk lokacin da ya ji an ɗage zaɓe: wa zai yi asara in an yi shi yau, wa kuma zai ci riba in an bar shi sai baɗi?

Za mu fara da misalin da ya shafe ku kai tsaye, ku mazauna ƙetare.

Yadda jaha ta tara ta rasa wakilai

Kafin zaɓen 2016, an ƙara yawan kujerun majalisar dokokin Nijar daga 113 zuwa 171. A cikin ƙarin har da kujeru 5 na ƴan Nijar mazauna ƙetare, waɗanda aka laƙaba wa suna jaha ta tara, bayan jahohi takwas na cikin gida. A zaɓen 21 ga Fabrairu 2016 an zaɓi waɗannan wakilai biyar, suka zauna a zauren majalisa a Yamai kamar kowane depite.

Da zaɓen 2020 ya ƙarato, hukumar zaɓe ta CENI, ƙarƙashin Maître Issaka Souna, ta shiga aikin sabuwar rajista mai ɗaukar hoto da zanen yatsa. An yi ta a cikin gida. Da aka zo kan na waje sai cutar korona ta ɓulla, aka rufe iyakoki, jiragen sama suka daina tashi. Kotun tsarin mulki ta yarda cewa wannan uzuri ne da ya fi ƙarfin hukuma. Sakamakon haka, ranar 27 ga Disamba 2020 aka zaɓi ƴan majalisa 166 kawai, kujeru 5 suka zauna babu kowa.

Sai a ƙarshen 2022 aka je aka yi wa mazauna ƙetare rajista, a wasu zaɓaɓɓun ƙasashe. Zaɓen kansa sai ranar 18 ga Yuni 2023. Ku lissafa da kanku: daga Disamba 2020 zuwa Yuni 2023, kusan wata 30 ke nan, alhali wa'adin majalisa duka wata 60 ne. Rabin wa'adi ya tafi. Sannan kwana 38 bayan zaɓen, ranar 26 ga Yuli 2023, sojoji suka karɓi mulki, aka jingine tsarin mulki, majalisar kanta ta rushe. Wanda ya bar sana'arsa a Lome ko Abijan ya bi layi don rajista, ya sake bin layi don jefa ƙuri'a, bai ga amfanin ko ɗaya ba.

Korona ce, ko lissafi?

Mu yi adalci. A tsakiyar 2020 ba wanda zai ce tura ma'aikata da na'urori zuwa ƙasashen waje abu ne mai sauƙi. Uzurin farko yana da ƙafa.

Amma ƴan adawa tun a lokacin ba su yarda ba. Sun daɗe suna ƙaurace wa CENI, suna cewa ta karkata ga masu mulki. A ganinsu, an bar mazauna ƙetare a baya ne saboda ana jin yawancinsu, musamman na ƙasashen gaɓar teku, sun fi karkata ga adawa, musamman jam'iyyar Lumana ta Hama Amadou. Kuma rashin rajistar bai tsaya ga kujeru 5 ba. Wanda ba shi cikin rajista ba zai zaɓi shugaban ƙasa ba. Don haka mazauna ƙetare ba su jefa ƙuri'a a zagayen farko ba, ba su kuma jefa a zagaye na biyu na 21 ga Fabrairu 2021 ba, inda aka bayyana Mohamed Bazoum da kusan kashi 56 cikin ɗari, Mahamane Ousmane da kusan kashi 44. Tazarar da aka bayyana tana da faɗi, kuma ba mu ce ƙuri'un waje za su cike ta ba. Amma an hana wani sashe na ƴan ƙasa magana a zaɓen da ya fi kowanne zafi, kuma wannan ya ƙara wa masu shakka hujja.

Babbar tambayar tana bayan nan. Sabuwar gwamnati ta kama aiki a watan Afrilu 2021. Jirage sun ci gaba da tashi, ministoci na zuwa taro ƙasashen waje, ƴan kasuwa na kai da komo. Me ya sa rajistar ta jira sai ƙarshen 2022, zaɓe kuma sai tsakiyar 2023?

A nan dalilin siyasa yake, kuma ba lallai sai an yi taron dare an ƙulla makirci ba. Jam'iyyar Tarayya ta samu kusan kujeru 80 ita kaɗai, ga kuma ƙawayenta. Ranar 22 ga Afrilu 2022, da majalisa ta kaɗa ƙuri'a kan shigowar ƙarin sojojin ƙasashen waje da suka baro Mali, 131 suka amince, 31 suka ƙi. Mai irin wannan rinjaye ba abin da ke matsa masa ya kashe kuɗi a kan zaɓen da ba shi da tabbacin ci. In ya ci kujerun, bai ƙaru da wani abin kirki ba. In ya faɗi, adawa ta samu abin yin ganga, ta ce ga shi ƴan ƙasa na waje sun juya wa gwamnati baya. Shiru ya fi masa arha.

Akwai kuma wurin da kujeru 5 ke da nauyi. Tsarin mulkin 2010 ya ce majalisa na iya gyara shi ba tare da an je zaɓen raba gardama ba, in huɗu cikin biyar na ƴan majalisa suka amince. Huɗu cikin biyar na 171 shi ne 137. Ku duba kusancin 131 da 137. A irin wannan lissafi, kowace kujera ana ƙirga ta, ta gwamnati da ta adawa, kuma kowane ɓangare na kallon kujerun da ba kowa da idon riba da asara.

Me kuka rasa a wata 30 ɗin nan?

Wani zai ce, to depite biyar me za su tsinana? Su ma ai albashi za su ci. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, don da yawa mun ga sun je sun yi barci. Amma aikin depite a doka shi ne ya zaɓi kasafin kuɗi, ya kira minista ya yi masa tambaya a bainar jama'a, ya kai kukan mutanensa inda za a rubuta shi.

An zaɓi kasafin 2022 da na 2023 babu wakilin mazauna ƙetare ko ɗaya a zauren. A shekarun nan ana ta koro ƴan uwanmu daga Aljeriya ana sauke su ta Assamaka, kuma kowa ya san da yawansu ƴan jahar Damagaram ne, daga Kance, Magarya da sauran gundumominmu. Akwai wahalar samun fasfo da katin ofishin jakadanci, akwai kuɗin kwastan a kan kayan da ɗan cirani ya tara ya kawo gida, akwai tsadar ɗauko gawa. Duk waɗannan batutuwa ne da aka ƙirƙiri kujerun nan dominsu. Gidajen Droum da yawa, hatsin da ke kai su ƙarshen bazara da kuɗin cirani ake sayensa. Wanda ke ciyar da gida daga nesa an bar shi ba mai magana da yawunsa.

In ana so, ana iyawa

Don kada a ce Nijar ba ta iya zaɓen cike gurbi cikin hanzari, mu tuna 2011. An yi zaɓen majalisa ranar 31 ga Janairu. Kotun tsarin mulki ta wucin gadi ta soke na jahar Agadas, kujeru 6. Ranar 15 ga Mayu na wannan shekara aka sake shi. Wata uku da rabi kacal, a jaha mafi faɗin ƙasa da wahalar hanya, a lokacin da ƙasar ke fitowa daga mulkin soja, aljihun gwamnati kuma ba cike yake ba. Bambancin shi ne a lokacin ana raba kujeru ne a sabuwar majalisa, kowace jam'iyya tana buƙatar na Agadas don ƙarfafa matsayinta. Da kowa ke so, kuɗi ya samu, motoci suka samu.

Mu kuma tuna 2009, shekarar tazarce. Ranar 26 ga Mayu Shugaba Tandja Mamadou ya rusa majalisar da Mahamane Ousmane ke shugabanta. Tsarin mulkin 1999 ya ce a yi sabon zaɓe tsakanin kwana 45 zuwa 90. Aka sa ranar 20 ga Agusta. Amma sai aka gabatar da zaɓen raba gardama ranar 4 ga Agusta, wanda ya ƙara wa shugaban shekara uku, aka tura na majalisa zuwa 20 ga Oktoba. Ba sai an yi dogon bayani ba: majalisar da za ta iya cewa a'a ba a so ta samu kafin a gama aikin. Ƴan adawa suka ƙaurace, CEDEAO ta dakatar da Nijar, ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji suka kifar da gwamnatin.

A ka'idarmu ta da, kowane depite ana zaɓensa tare da na bayansa, wanda zai gaje shi in ya rasu, ya yi murabus ko aka naɗa shi minista. Wannan dabara ta rage mana zaɓen cike gurbi ƙwarai, kuma abin yabo ce. Shi ya sa a Nijar jinkirin ya fi bayyana ta wata ƙofa: a bar mazaɓa guda ba zaɓe, ko a ɗage zaɓen majalisa baki ɗaya.

Majalisar komin ma majalisa ce

Ga mutumin Droum, majalisar da ta fi kusa da shi ita ce ta komin. Kafin a rusa ta a 2024, ita ke zama kan harajin kasuwa, kuɗin rijiya da famfo, ɗakin shan magani, burtali da makiyaya, gyaran azuzuwa. An zaɓi kansiloli ranar 11 ga Janairu 2011 don shekara 5. Wa'adinsu ya ƙare a 2016. Aka yi ta ɗage zaɓe, har aka sa 8 ga Janairu 2017, ita ma aka ɗage, aka ce sai an gama sabuwar rajista. Aka gyara doka don a riƙa ƙara musu wata shida-shida. Zaɓen bai zo ba sai 13 ga Disamba 2020. Waɗanda aka zaɓa don shekara 5 suka yi kusan 10.

Me mai mulki ke samu a nan? Magajin garin da wa'adinsa ya ƙare ba ƙuri'ar jama'a ke riƙe da shi ba, takardar gwamnati ce. Wanda ke iya ƙara maka wata shida yana iya hana ka. Irin wannan magajin gari zai riƙa kallon Yamai kafin ya kalli ƙauye. Inda kuma aka ga dama sai a rusa majalisar a naɗa kwamitin riƙo, kamar yadda aka yi wa birnin Yamai a 2017. Sannan zaɓen ƙananan hukumomi ma'auni ne: yana nuna wa kowa ƙarfin kowace jam'iyya ƙauye bayan ƙauye. Wanda ba ya son a auna shi a tsakiyar wa'adi, ɗage zaɓen ya fi masa.

Ga maƙwabta ma haka

Ku da ke Najeriya kun ga irinsa. Mu ɗauki mazaɓar Babura da Garki ta jahar Jigawa, wadda ke bakin iyakarmu ta wajen Magarya, inda da yawanmu ke da dangi da surukai. Ɗan majalisar wakilansu, Isa Dogonyaro, ya rasu a watan Mayu 2024. Tsarin mulkin Najeriya ya ce a cike gurbi cikin kwana 30. Hukumar INEC ba ta yi zaɓen ba sai 16 ga Agusta 2025, wata 15 ke nan. A jahar Kano, mazaɓar Bagwai da Shanono ta rasa Halilu Ibrahim Kundila tun Afrilu 2024, ita ma sai wannan rana. Mazaɓu 16 a jahohi 12 aka tara aka yi musu zaɓe rana ɗaya. INEC ta ce kuɗi ne ba a ba ta ba. To wa ke ba ta kuɗin? Gwamnati da majalisa, wato ƴan siyasar da za su shiga takarar. Ga kuma wata ƙofa: hukumar tana jiran kakakin majalisa ya sanar da ita a rubuce cewa kujera ta zama babu kowa. Kakakin kuwa ɗan jam'iyya ne.

Har a Amurka, da ake kafa misali da ita. Ɗan majalisar wakilai Sylvester Turner na birnin Houston, ɗan jam'iyyar Democrat, ya rasu ranar 5 ga Maris 2025. Gwamnan jahar Texas, Greg Abbott na Republican, shi doka ta ba ikon sa rana, sai ya sa 4 ga Nuwamba, bayan wata takwas. Ya ce hukumomin yankin na buƙatar lokaci don shirya zaɓe mai tsabta. Ƴan Democrat suka ce ƙarya ne, rinjayen Republican a majalisa ɗan kaɗan ne, kuma kujerar ta Democrat ce tun da daɗewa, don haka kowane wata da ta zauna babu kowa riba ce ga jam'iyyar gwamnan.

A Yamai, a Abuja, a Texas, abu ɗaya ke maimaita kansa: wanda ke riƙe da kalanda ko jakar kuɗi yana da doki a cikin sukuwar.

Yadda za ku gane uzuri daga dabara

Ba kowane jinkiri ne zamba ba. Ambaliya na hana zaɓe, hari na hana zaɓe, annoba ma haka. Ga abin da za ku duba. In an ɗage zaɓe, an sa sabuwar rana ko an ce sai yadda hali ya yi? In uzurin ya gushe, an tashi da aiki nan da nan ko an ci gaba da shiru? Uzurin ya hana sauran hidimomin gwamnati, ko zaɓe kaɗai ya hana? Sannan a mazaɓar da ake jinkirtawa, wa ake tsammanin zai ci? In duk amsoshin nan sun nuna wuri ɗaya, to biri ya yi kama da mutum.

Me ya shafe mu yau?

Wani zai ce, ai yanzu babu majalisar ma, babu jam'iyyu, me ya kawo wannan magana? Gaskiya ne. Tun 26 ga Yuli 2023 babu zaɓaɓɓiyar majalisar dokoki. A watan Afrilu 2024 an rusa majalisun komin da na jahohi, aka naɗa kantomomi. Bayan babban taron ƙasa na Fabrairu 2025, ranar 26 ga Maris 2025 aka sa hannu kan kundin sake gina ƙasa, aka rantsar da Janar Abdourahamane Tiani don wata 60, wa'adin da kundin ya ce ana iya daidaita shi gwargwadon halin tsaro da bukatun ƙasa, aka kuma rusa jam'iyyun siyasa. A watan Yuni 2025 aka ƙaddamar da majalisar shawara ta CCR, wadda mambobinta naɗa su aka yi, aikinta kuma ba da shawara ne.

Shi ya sa maganar ta dace da yanzu. Za a rubuta sabon tsarin mulki da sabuwar dokar zaɓe, kuma ba a gyara rumbu ranar da aka kawo hatsi. In jama'a ba su faɗi abin da suke so tun ana rubutu ba, ramukan da aka bari a dokokin baya za su dawo da sabon suna.

A ganinmu, ga abin da ya kamata a nema. A rubuta adadin kwanakin cike gurbi ƙarara a cikin doka, su fara ƙirguwa daga ranar da kujera ta zama babu kowa, ba tare da jiran wasiƙar wani ɗan siyasa ba. A ware kuɗin zaɓen cike gurbi a kasafin kowace shekara, ya shiga hannun hukumar zaɓe kai tsaye. In uzuri ya tilasta ɗagewa, kotu ce za ta amince, kuma a hukuncin nata ta sa sabuwar rana. A hana ƙara wa kansiloli wa'adi fiye da sau ɗaya. A bar dabarar zaɓen depite da na bayansa yadda take, tunda ta yi mana amfani. Rajistar mazauna ƙetare kuma ta zama aikin kullum a ofisoshin jakadanci, har da na Kano, a kuma riƙa zagayawa unguwannin da ƴan cirani ke zaune, domin mai turin ruwa ko mai gadi ba zai bar aikinsa na kwana biyu ya je neman kati ba.

Waɗannan batutuwa ne da za a iya faɗa cikin ladabi a gaban kantoma, a fadar sarki, a taron ƙungiyar manoma ko ta mata, da kuma gaban wakilan jaharmu a majalisar shawara. Ku kuma na waje kuna da ƙungiyoyinku na ƴan Nijar a kowane gari, ku sa batun cikin abin da kuke tattaunawa, ku kai shi ofishin jakadanci a rubuce. Kun riga kun ɗanɗana: an ba ku kujeru 5 a takarda, aka riƙe su wata 30, aka miƙo su saura kwana 38.

Muna jiran ra'ayoyinku a filin masu saurare. Wanda ya yi rajistar 2022 ko ya jefa ƙuri'a a watan Yuni 2023, ya aiko mana da yadda abin ya kasance a garin da yake, za mu karanta wa jama'a. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare matafiyanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.